Ranar da Murjani Ya Yi Ado

…to da wane baki? Da wane baki za ta sake faɗa musu? Marwia ta ɗora filafili a cinya, kwale-kwalen ya tsaya cak, ba abin da ke motsa shi. Iska ko ta kashe ashana babu. Teku ya kwanta luf kamar mai a faranti, rana na dukan tsakiyar kanta, yau kwana ashirin da tara ke nan a haka — ta ƙirga, ai ƙirgan ne aikinta, shi ne kuma ya jawo mata.

Ba ta waiwaya ba. Ba sai ta waiwaya ba. Gari kaf na bakin gaɓa, har da waɗanda suka taso daga Ambon da Sorong saboda wannan rana, tana jin wani na gwada ganga, tim… tim… ya bari. Sandar sasi, dokar gargajiya ta hana kamu, na tsaye a ruwa iya gwiwa, da ganyen kwakwar da aka ɗaura mata a wuya. Tunda aka ɗaura ganyen nan dutsen murjani ya haramta ga kowa: ba ƙugiya, ba koma, ba mashi, ko leƙe babu. Shekara uku cur. Mutum ɗaya al'ada ta yarje wa shiga, Idon Gari, shi ma in ranar buɗewa ta matso sai ya kame kwana ashirin, don ya zo wa mutane da sabon gani. Inna ta yi shekara talatin tana Ido. Yanzu Marwia ce. Za ta nitse, ta duba, ta koma, ta tsoma hannu a ruwa gaban Tete Sahaka, dattijon da ke riƙe da wuƙar yanke ganyen, ya yi mata tambayar da ake yi tun kaka da kakanni — me idonki ya gani? Amsa biyu ce, babu ta uku. Ya nuna. Ko kuwa da saura.

Me ya gani. Ba me zai gani ba. Nan fa ake yin ta, Inna…

Bara ta kawo ta ukun. Ita uwar sani, mai takardar karatun teku daga Ambon, ta tsaya a wurin can hannu a ruwa ta ce ya nuna, amma kada a buɗe, zafi na tafe, nan da wata guda dutsen zai yi fari fat. Tete ya ɗaga kai ya dubi tsuntsayen nan masu wutsiyar almakashi suna shawagi can ƙololuwa, ya ce shi dai iska yake gani. Ta ce na'ura ba ta ga iska ba. Don darajar Inna, wadda ko arba'in ba a yi mata ba, tsoho ya mayar da wuƙarsa kube. Kwana tara — tara! — sai ga iskar gabas, ta juyo ruwan sanyi daga ƙasan teku, dutse ko gezau. Baƙi sun koma Sorong da buhunansu a ninke kamar yadda suka zo da su. Tun daga ranar sunanta ya ɓace a garin.

"Likitar Dutse! Yau nawa zazzaɓin mara lafiyan namu?"

Kawu Dahlan ke nan, ƙanen Inna, ɗazu-ɗazun nan da yake tura mata kwale-kwale. "In kin same shi da ciwon kai ki dawo, akwai ƙwaya a aljihuna. Amma ki tuna mu ma fa ba lafiya gare mu ba, 'yar nan, bakinmu ya manta ɗanɗanon kifin can." Mata na dariya, shi ma dariyar yake. Sai dai hannunsa ya daɗe a bakin jirgin kafin ya saki, ta lura.

Shida. Abin da saƙon Malama Yosina ya ce ke nan bayan sallar asuba, malamarta ta jami'a, mai kallon tekun nan ta tauraron ɗan Adam daga ofis mai fanka. Shida, da taswira ja jawur, tsibirinsu ɗan ɗigo a tsakiyar jan. Lissafin ba wuya, sau nawa ta yi wa mata shi da tsinke a kan yashi? Ruwan nan a watansa mafi zafi digiri ashirin da tara da rabi yake tsayawa, haka dutsen ya saba tun kafin a haifi kowa. Yanzu talatin da ɗaya. Ɗaya da rabi a sama, kowane mako a ɗora a kan na baya… mako huɗu, shida. In ya kai huɗu dutse ya fara fari. In ya kai takwas ya fara mutuwa. Ba zafin yini guda ke kashe shi ba, rashin saukar zazzaɓin ne. Kuma Yosina ta ce mako uku masu zuwa babu iska. Haka ta ce bara ma. Haka na ce bara.

"Ganyen kwakwa ne fa, Marwia, ba ƙarfe ba."

Jiya da la'asar, Tete na zaune yana juya kanumfarin da aka shanya a tabarma, ko kallonta ba ya yi. "Kunya ce ke riƙe da shi, ita kuwa kunya ƙarewa take. In kika sa na sake mayar da wuƙar nan, iska kuma ta sake zuwa, wallahi ba mai ƙara jin nauyin ganye a garin nan. Za su shiga ina kallo. Jikokinki ma sai dai a ba su labari." To in an buɗe fa, Tete? Ba ta tambaya ba, ta san amsar. Kwana bakwai na buɗewa, mutum ɗari uku, ƙafa a kan dutse mai zazzaɓi, koma da mashi, a kwashe kifi mai bakin aku tas — shi ne fa mai kiwon gansakuka, shi ke share wa dutsen jiki in ya kwanta ciwo. In babu shi, gansakuka ta rufe, ko iska ta zo daga baya ba ta tarar da kowa. A rufe, sasi ya mutu. A buɗe, dutse ya mutu. Ita kuwa an ba ta kalma biyu ta zaɓa.

Ya isa. Tabaran nutso na katako, na Inna, igiyar ce kawai sabuwa. Tofi, goge, ɗaura. Bismillah.

Wayyo, ɗumi. Ruwan wankan jariri. A da in ka yi ƙasa gaba biyu sai sanyi ya sare ka a ƙugu, Inna ta ce nan ce ƙofar gidan mazauna ruwan, a yi sallama. Gaba biyu… uku… ba ƙofa. Ɗumi har ƙasa, ɗumi a kunne, ɗumi a tsakanin yatsu. Tana juya kai, kumfa na washewa, sai —

Subhanallahi.

Subhanallahi, wa ya kunna?

Ina launin ruwan ƙasan? Dutsen da ta sani tun tana goye kalar shayi da madara ne, wani wurin kalar bawon rogo, shi ke nan, kifaye ne masu ado. Wannan kuwa… shuɗi, amma ba na sama ba, ba na teku ba, wani shuɗi mai ciwo a ido, yana fitowa daga cikin rassan kamar an ɓoye fitila a kowane ɗaya. Can ruwan hoda. Can rawaya, rawaya har tana ihu. Masu faɗin nan kamar faifai, ɗaya kan ɗaya har gangare, duk sun koma shunayya, bakinsu fari. Masu ƙahonin sun yi kore shar a gindi, shuɗi a tsini. Har iya ganinta, har inda ruwa ke duhu, fili guda yana ci ba hayaƙi. Ƙananan kifi na shawagi a kai, inuwarsu na faɗawa cikin hasken tana fita. Wa ya shigo gidan nan cikin kwana ashirin ya yi wannan aiki? Da wane hannu? Ta manta a ruwa take, bakinta ya buɗe da kansa zai yi kabbara, gishiri ya cika shi —

Sama. Tari. Numfashi. Rana fau, teku shiru, kamar bai san abin da ke cikinsa ba. Ta dafa jikin kwale-kwale. Ta sake komawa, ba don aiki ba, ƙarya ne in ta ce don aiki.

Ta san mene ne, ai abin haushin ke nan. Ta gan shi a hoto a aji, Yosina na nunawa da sanda, ta rubuta a jarrabawa har ta ci. Amma gani ya kori ji, Inna, hoto ƙarya yake. A cikin naman dutsen nan akwai 'yan tsirrai da ido ba ya gani, su ke dafa masa abinci da hasken rana, su ke ba shi launin ruwan ƙasan. In zafi ya yi yawa girkinsu ya zama guba, sai ya kore su. Ya zauna tsirara, da yunwa, rana na cin sa. To shi ne wasu kan fito da wannan launi, su yi wa kansu lema, ko baƙin da suka kora za su ga inuwa su dawo. Kira ne. Duk wannan kira ne. Dutse, wanda ba shi da baki ba shi da ido, Allah Ya ba shi yadda zai yi kira… kuma Ya sa kiran ya yi kyau haka? Don wa? Shekara uku ba mai leƙowa. Da ban zo yau ba, wa zai gani? Kifi?

Ana saura kwana biyu ta rasu, Inna ta tashi zaune. Ta ce a shafa mata man kwakwa a kai, a kawo tuwon sago da romon kifi mai kurkum, ta cinye tas, har tana tsokanar Kawu Dahlan wai tumbinsa ya riga shi shiga ɗaki. Fuskar nan tana sheƙi. Kawu ya fita yana gaya wa maƙwabta Yaya ta warke, ni ma na ce ta warke, na je har na wanke mata tabaran nan na rataye — a'a. A'a, Marwia, bari. Ba haka ba ne. Wannan ba gawa ba ne, ko fari ya yi ba gawa ba ne, in ruwa ya huce da wuri baƙin na dawowa, an gani a wurare. Mai jinya ne. Mai jinya ne da ke buƙatar a rufe masa ƙofa a hana 'yan dubiya.

Ga Kaka. Dunƙulallen dutsen nan da ya fi ɗakin Tete girma, Inna ba ta wuce shi sai ta dafa shi ta gaishe shi. Yosina ta auna ta ce ya haura shekara ɗari huɗu, yana nan tun kafin jiragen farko su zo neman gyaɗar ƙamshi. Kaka ba ta yi ado ba, tsofaffi ba sa yi. Amma kanta… kanta ya yi furfura, fari-fari daga sama yana gangarowa. Kwana ashirin da suka wuce babu wannan. Ina wuni, Kaka. Ya jiki? Shekara ɗari huɗu kina nan, guguwa nawa, girgizar ƙasa nawa, sai a zamanina? Ma'aunin zafin na nan inda ta ɗaure shi a gindi, ɗan abu kamar babban yatsa, ta yanke zaren ta cusa shi a ƙugu.

Ƙurus… ƙurus… ƙurus. Masu bakin aku ne, garke guda, manya kamar cinya, suna kiwo ba su ma san da ita ba. Tun tasowarta ba ta taɓa ganin su da yawa haka ba. Ga dodon koɗi a kowane lungu, ta gwada ɗaya da hannu, ya wuce yatsa huɗun da ƙa'ida ta ce, ya wuce tafin gaba ɗaya. Kokwambar teku, dabbar nan mai siffar ƙatuwar tsutsa, kwance a yashi kamar damatsan ƙarti. Shekara ukun ta yi aiki. Haƙurin mutanen can, yunwarsu, gorin da suka yi mata, ga shi nan kwance ya yi ƙiba. Ya nuna. Wallahi tallahi ya nuna, bai taɓa nuna irin ta yau ba.

Ƙirji na zafi. Sama.

Ta haye kwale-kwale da ƙyar, ruwa na zuba daga gashinta. Ta kara ma'aunin da waya, ta kare hasken rana da tafin hannu… talatin da ɗaya da ɗigo uku. A gindin Kaka, gaba huɗu a ƙasa. Layin kwana ashirin ya fito, ya kamata ya riƙa hawa da rana yana sauka kafin wayewar gari, haka numfashinsa yake. Bai sauka ba. Miƙe yake sambal, yana ɗan ɗagawa. Tauraron Yosina ma rangwame ya yi. Ba shida ba ne, ya tasam ma bakwai. Kwana biyar ya rage ya kai takwas, in ya yi yawa mako guda.

Bara ma haka kika ce.

Bara uku ne, ba bakwai ba! Bara tsinkaye ne, bana ga shi a ƙasa yana ci! To amma wa zai bambance? Wa ya damu da uku da bakwai? Su dai sun san mace ta ce fari, fari bai zo ba. In ta ce musu dutsen na ciwo, Kawu Dahlan zai ce to bari mu je dubiya, ya leƙa da tabarau, ya ɗago yana salati, ya ce jama'a ku zo ku ga amarya! Kuma gaskiyarsa. Wane mai hankali ne zai kalli wancan ya ce ciwo? Za su ce dutse ya yi kwalliyar buɗewa, albarkar haƙuri ce, Allah Ya karɓa. Ni kaina da na san sunan abin da dalilinsa, ba kabbara na yi ba?

Da saura. Kalma biyu, ta faɗa ta huta. Ƙarya ce dai, hannu a ruwa. Inna ta ce Idon da ya yi ƙarya hannu a ruwa teku ba ya manta tafinsa. Ita mai karatu ba ta yarda da wannan ba… ta yarda mana, wa take ruɗi? Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ran da wani ya saci leƙe ya ga dodon koɗin can, an gama da Ido, an gama da ganye. Ya nuna kuwa gaskiya ce tsantsa, ba mai kama ta da laifi, Tete ya yanke, a buga ganga, yau ta ci kifi a gidan kowa, sunanta ya dawo. Marwia. Har ta manta daɗinsa a bakin mutane. Wata biyu nan gaba in gansakuka ta rufe wurin, sai a ce ikon Allah, ba mai cewa ita ce. Ita kaɗai za ta sani. Ita da Kaka.

Gabas. Ta ƙura ido har ya kawo ruwa. Wancan gajimare ne ko hayaƙin jirgi? Hayaƙi ne. Ya Allah, Ka kunyata ni. Ka turo ta gobe, yau, yanzu, ta kife ni da jirgin nan, su yi shekara goma suna ce mini Likita, yara su yi mini waƙa, na yarda. Wace irin sana'a ce wannan, Inna, da mutum ke roƙon Allah Ya ƙaryata shi? Ke ba ki yi ta ba. Ke abin da ke gabanki kike faɗa, ki koma gida ki yi barci. Ni an ba ni ido na biyu mai ganin mako uku gaba, ba tas ba, dishi-dishi, wataƙila takwas cikin goma, kuma ba a ba ni wurin faɗa ba.

Filafili ya shiga ruwa. Ba ta san sanda ta juya jirgin ba. Gaɓa na matsowa, rigunan mutane, tukwanen da aka riga aka ɗora, komar da aka shimfiɗa a kan yashi an gama ɗinke ta. Tana tuƙi, shuɗin nan na bin ta, in ta ƙifta yana nan a bayan fatar ido, rawayar, shunayyar, filin nan duka. Hawaye ne ko ruwan teku? Me ya sami kumatunta, me ya sa ba sa saukowa?

"Ku dubi fuskarta!" Kawu Dahlan, ya shigo ruwa har ƙugu. "Jama'a ku dubi fuskar Likita! Wallahi mara lafiya ya tashi! 'Yar Yaya, me kika gano haka?"

Shewa ta ɓarke. Ganga ta ɗauka ba wanda ya ba ta izini, maza na rige-rigen ɗaga koma. Ba ta ce komai ba fa. Ko kalma. Fuskarta ce ta riga ta, kuma ba ƙarya fuskar ta yi ba. Ta dira a ruwa, ga sanda, ga busasshen ganye, ga Tete Sahaka da wuƙa tsirara a hannun dama. Ya ɗaga hagu. A hankali, a hankali, gangar ta mutu.

Ta sunkuya ta tsoma hannu. Shi ma ya sunkuyo, kamar mai gyara zane, har gemunsa na taɓa kunnenta.

"Tun hantsi nake tsaye a ruwan nan," ya ce, ba mai ji sai ita. "Shekara tamanin, bai taɓa yi mini haka a ƙafa ba. Amma ni tambaya kawai aka ba ni, 'yar nan."

Ya sani. Ashe ya sani… ba na'ura, ba taswira, ƙafafunsa sun gaya masa, kuma ba zai faɗa ba, ba shi da hurumi, ya tsaya ne yana jira ta ɗauka ita kaɗai. Ya miƙe, ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda na bayan baya zai ji.

"Idon Gari. Me idonki ya gani?"

Ruwa na lasar wuyan hannunta, ɗumi, ɗumi. Ta buɗe baki, ba komai a ciki sai gishiri, ta gaji, Inna, ta gaji har ƙashi… kuma ko a yanzu, Allah Ya yafe mata, ba abin da take so irin ta juya ta koma ta sake kallo.